Butar Kaftin Mai Cizo

Shekarar da damina ta leƙo Tasawa ta juya, a ita aka yi wannan abu. An shuka gero, ya fito kamar gashin jariri, rana ta lashe shi. Aka sake shukawa, ta sake lashewa. Masu taurin kai suka ƙara, masu hankali suka daka sauran irin suka sha kunu. Sojoji ne ke riƙe da ƙasa, kuma duk wanda ya rayu a zamanin ya san yadda ake hira: baki kusa da kunne, ido a bakin ƙofa.

Ana cikin haka, mutane na cin tafasa da dusa, sai ga oda daga Yamai wai a duba kayan kuran, wato masu aiki da wutar lantarki. An ce wata ma'aikaciya ce a can wani gari ta kama dutsen guga ta kasa saki, kafin a kashe wuta ta cika. Shi ne manya suka ce duk wani abu da ake cusa wayarsa a bango a wurin aikin gwamnati, fanka ne, buta ce, dutsen guga ne, rediyo ne, sai an gwada shi. Mai lafiya a ɗiga masa koren fenti. Wanda ba shi da kore, kada wanda ya ƙara taɓa shi. Mutane suka ce to. Abin da ake cewa ke nan a lokacin, to.

Wanda aka ɗora wa aikin a ƙasar Tasawa da ta Mayahi shi ne Ƙadri, ɗan ƙauyen Kona. Siriri ne, ba ya da yawan magana, kunnuwansa sun yi wa kansa yawa. Ya yi lakkwal, wato makarantar boko, daga nan aka kai shi Maraɗi ya koyo aikin waya. Da ya dawo ya zo da wani baƙin akwati mai allura a fuska, da hannu a gefe ana juyawa kamar na keken ɗinki, da wayoyi biyu masu baki irin na kada.

Yadda yake aikinsa ke nan. In an kawo masa abu, ba ya fara da akwatin. Sai ya zare wayar daga bango, ya bi ta da yatsa tun daga kai har gindi, yana lanƙwasawa, yana shinshinawa, kamar mai sayen akuya a kasuwar Kanembakashe. Sannan ya maƙala wa abin bakin kadan nan, ya juya hannun. In allura ta tashi ta tsaya, ya ɗiga kore. In ta faɗi ta kwanta, ba ya cewa a gyara, ba ya cewa a ajiye. Ya san mutanensa. In ka ce a ajiye, kafin ka kai bakin ƙofa an mayar da shi bango. Sai ya ciro almakashin waya ya datse kan, wancan mai haƙora biyu da ake cusawa, ya jefa cikin jakarsa. Kafin ya gama da Mayahi an sa masa suna Sarkin Fawa. In ya doso biro, wato ofis, sai ka ji akawu na cewa, "A ɓoye fanka, ga mahauci nan!" Shi kuwa sai ya yi sallama ya wuce kai tsaye bayan kabad, don nan kowa ke ɓoyewa.

Gidan da yake haya a Tasawa ɗaki biyu ne, amma a shekarar nan rabin Kona na kwana a cikinsa. Uwarsa Cindo ta zo. Matar wansa ta zo da yara, don shi wan ya yi kudu neman abinci, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Ga wata gwaggo da ba wanda ya iya faɗin ta ina aka haɗa dangi da ita, amma ta zo da tabarmarta. Duk albashin Ƙadri suke ci. In aikin nan ya kuɓuce, tukunyar gidan ta kife, kuma ba wata gona da za a koma.

Ranar da zai shiga biron rabon tsaba, yana shan kunu da safe, Cindo ta ce, "Yau kuma ina za ka kai wuƙar taka?"

"Biron tsaba, Inna."

Ta ajiye ludayi. "Wajen mai butar?"

Kowa a Tasawa ya san mai butar. Kaftin Abdurrahamane ne, sojan da aka turo ya tsaya a kan jar dawar taimako da ake kawowa cikin manyan motoci. A faɗi gaskiya, ba ɓarawo ba ne. Shi ya sa ma manyan 'yan kasuwa ba su son ganinsa, don buhu bai taɓa ɓacewa daga sito ya ɓullo a kasuwa ba tun da ya zo. Amma zafin zuciya, Allah ya ba shi ba da mudu ba. Ya taɓa kai ɗan dako kaso, ɗakin da ake kulle masu laifi, saboda ya share tsabar da ta zube ya sa aljihu. Kuma yana da wata butar kuran ta ƙarfe, fara tas, da ake dafa masa ruwan shayi. Ana cewa wani malami ne ya ɗaure masa ita, don kada a zuba masa sammu. Duk wanda ya taɓa ta sai ta cije shi har kafaɗa. Shi kaɗai yake ɗaukarta lafiya.

Cindo ta ce, "Ƙadri, dubi tsakar gidan nan. Dubi kawunan nan. Ka shafa mata koren ka fito. Fenti ne, ba rantsuwa da Alƙur'ani ba."

"Inna, in lafiyarta lau ai koren za ta samu."

"In ba lafiya ba fa?"

Ya ci gaba da shan kunu.

"Irin shirun ubanka," in ji ta. "Shi ma haka ya yi shiru ya je ya sayo mana jakin nan makaho."

Da ya isa biron, Kaftin yana sito ana sauke kaya. A bakin ƙofa ga takalma nan jere, na akawu, na masu unguwa da suka zo neman rabon mutanensu, don ba mai shiga ɗakin Kaftin da takalmi. Ba shi ya kafa dokar ba. Haka aka tashi aka gani, gaban babba a tuɓe takalmi. Ƙadri ya tsaya ya dubi ƙafarsa. A Maraɗi an koya masa ko gidan surukai zai yi aikin waya, kada ya rabu da takalmin roba. Ya yi bisimilla ya shiga da abinsa.

A ciki ya tarar da Bube, falanton biron, wato mai shara da aike da dafa shayi. Dattijo ne, Bafillace daga wajen Isawan. Da can in shanunsa suka taso rijiya sai masu guga su matsa gefe. Fari ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har ya wayi gari da sanda kaɗai. Wani da Bube ya taɓa ba kiwon shanunsa ne ya samo masa wannan aikin.

"Sannu da aiki, Baffa."

"Yawwa, ɗan nan. Kai ne mai yanke-yanken?"

"Ni ne."

"Ga fanka can, ga fitila. Su ka duba. Waccan ba ruwanka da ita."

Butar tana kan wani ɗan tebur kusa da kabad na ƙarfe, wayarta ta zagaya ta shige bayan kabad ɗin, inda hannu ba ya kaiwa. Kullum a cushe take, don Kaftin ba ya son ya nemi ruwan zafi a ce masa a jira. Ƙadri ya ga simintin ɗakin da danshi. A shekarar nan ba a zubar da ruwa banza. Wanda Bube ya wanke kofuna da shi, shi yake yayyafawa a ƙasa don ɗakin ya yi wa Kaftin sanyi.

Ƙadri ya durƙusa yana buɗe akwati, amma idonsa na kan tsohon. Ruwa ya tafasa. Bube ya je gaban butar ƙafa ba takalmi, ya tsaya kamar mai shirin kama bijimi. Ya miƙa hannu ya ɗauke ta. Fuskarsa ba ta motsa ba ko kaɗan. Sai dai jijiyar wuyansa ta miƙe, yatsun ƙafarsa suka dunƙule a kan simintin, ruwan da yake tsiyayawa yana rawa. Da ya dire ta ya ɓoye hannun cikin riga.

"Baffa, tun yaushe take yi maka haka?"

"Take yi mini mi?"

"Miƙo hannun in gani."

"Kai likita ne ko mahauci?"

"Da sauƙi ta fara, ko? Kamar tururuwa. Yanzu kuma har ƙirji."

Bube ya dubi taga. Can ya ce, "Ɗiyan lakkwal akwai surutu."

Ƙadri ya sa kafaɗa ya ture kabad ɗin, ya zare wayar, ya juye ruwan a kwano. Ya bi waya da yatsa, lafiyarta lau. Ya maƙala bakin kada ɗaya a haƙoran, ɗaya a jikin butar, ya juya hannu. Allura ba ta ko yi yunƙurin tashi ba. Ya sake juyawa. Tana kwance kamar saniyar da yunwa ta kayar. Ƙarfen da ke zafafa ruwan ne ya tsage a ciki, wuta na zuba a jikin butar. Kuma irin wannan tsagewa ba ta warkewa, ƙaruwa take.

Yana nan durƙushe ya ji takun manyan takalma. Masu unguwar da ke waje suka yi tsit. Kaftin ya shigo, dogo, hula a hannu, garin dawa a kafaɗa. Ya dubi kabad ɗin da aka ture, ya dubi butarsa a ƙasa da wayoyi maƙale a jikinta, sannan ya dubi ƙafar Ƙadri.

"Ka shigo mini da takalmi."

"Aikin ne ya ce haka, mon kapiten."

"Wa ya ce ka taɓa wannan?"

"Odar Yamai ce, mon kapiten. Duk abin da ake cusawa a bango."

"To ka gwada. Mi ka gani?"

"Ta faɗi. Wuta na fita ta jikinta. Kai ba ka ji saboda gindin takalminka roba ne mai kauri. Wanda ya ɗauke ta ƙafa a ƙasa, ga danshi..."

"Na sani."

Ƙadri ya ɗago kai.

Kaftin ya zauna, ya ajiye hula a kan tebur. "Ka ɗauka ni ma na yarda da zancen malamin? Na san wuta ce. Na san takalmina ne ke tare ni. Amma kai ka san mutum nawa a garin nan ke so su ga an fitar da ni a makara? Tun da ta fara cizo, ba wanda ya kusanci shayina. Ta fi mini gardi biyu, kuma ba ta barci. Ɗiga mata koren ka tafi."

"Baffa Bube fa, mon kapiten? Shi ke ɗaukarta kullum. Wata rana ba za ta sake shi ba."

Kaftin ya juya. "Bube. Tana yi maka ciwo?"

To, ku da kuka san Fulani kun san amsar tun kafin ya buɗe baki. Mutumin da yana saurayi aka zabga masa sanda a wajen shaɗi yana kallon madubi yana murmushi, shi ne yau zai tsaya gaban maza ya ce buta ta fi ƙarfinsa? Ga kuma aikin, wanda in ya ce ba ya iyawa, akwai mutum ɗari a bakin sito masu iyawa.

Bube ya dubi bango ya ce, "Ba komai, ranka shi daɗe."

"Ka ji," in ji Kaftin.

Gwangwanin fentin yana nan a buɗe kusa da gwiwar Ƙadri, ɗan tsinken da yake ɗigawa da shi a ciki. Abin da ake nema gare shi bai kai girman ƙwayar wake ba. Ya tuna tsakar gidansu, da yaran wansa da suka koyi zama kusa da murhu tun kafin a hura wuta. Ya tuna gwaggon nan mai tabarma. Sannan ya dubi hannun rigar Bube, ya ga har yanzu yana ɗan karkarwa. In ya ɗiga koren, gobe duk wanda ya shigo ɗakin nan zai ga alamarsa a jikin butar ya ce an duba. Ranar da tsohon nan zai faɗi, da koren Ƙadri a hannunsa zai faɗi.

Ya sa hannu a jaka. Kaftin ya zaci tsumma zai ciro ya goge wurin ɗiga fentin. Sai aka ji ƙas.

Har masu unguwar da ke waje sun ji. Kan wayar ya yi tsalle ya faɗi gaban takalmin Kaftin. Ƙadri ya miƙa hannu ya ɗauka ya jefa a jaka, kamar yadda yake yi wa na kowa.  Sannan ya rufe gwangwanin fentinsa da kyau, don kada ya bushe.

Kaftin bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Gardi." Aka tafi da Ƙadri kaso, aka bar akwatin a nan ƙasa.

Kafin azahar labari ya kai gida. Matar wan ta ɗora hannu a ka ta fara kururuwa, gwaggo ta taya ta, ko da yake ita ba ta ma gane wa aka kama ba. Cindo ta ce su yi mata shiru. Ta shiga ɗaki ta ɗauro zanenta na zuwa suna, ta yafa gyale. Aka ce, "Wajen Kaftin za ki, ki ba shi haƙuri?" Ta ce, "Ni? Mi na yi masa? Gaishe-gaishe zan tafi. Tun da na zo garin nan ban zaga mutane ba."

Ta fara da A'isha mai guga, wadda ke wanki da gugar kakin gardawa har da na Kaftin. Ta same ta tana aiki, ta gaishe ta, ta tambayi yara, ta tambayi miji, ta yi jajen damina. Sannan ta ɗan leƙa.

"Ɗiyata, wannan dutsen naki an duba shi kuwa? Ban ga koren ba. Ko idona ne?"

"Bai kai kaina ba tukuna, Inna."

"Ayya. To Allah shi tsare. An ce ita ma waccan ta can yamma guga take. An ce har da goyo." Ta gyara gyale. "Ni ba tsoron wutar nake ji miki ba. Sojan. Sun ce abin da ba kore kada a taɓa. Kin ga ɗana, bin odar ya yi aka kai shi kaso, ina ga wanda ya karya ta?"

A'isha ta dubi dutsen gugar kamar yau ta fara ganinsa. Ta zare wayar a hankali da bakin zane.

Daga nan Cindo ta wuce wajen Mutari, mai kula da lasifikar da ake sawa in za a yi taro. Ta gaishe shi, ta yaba lasifikar, ta ce ba ta taɓa ganin mai kyanta ba, sai dai ba ta ga koren ba, ko idonta ne. Ta biya ta wajen akawuna masu fanka. Ta biya ta wajen mai injin ɗinke bakin buhu. Ba wanda ta ce wa ya daina aiki. Wa ya isa ya ce a daina aiki a zamanin soja? Gaisuwa kawai ta yi. Idonta ne dai ranar ya ƙi ganin kore ko'ina.

Washegari duk abin da ba shi da ɗigo a Tasawa ya kwanta. Akawuna na fifita da kwali, zufa na ɗiga a kan aikinsu. In an tambaye su sai su miƙe tsaye su ce, "Oda ce daga Yamai." Ba a taɓa ganin garin da ya bi doka irin na ranakun nan ba.

Aka aika a kira shugaban su Ƙadri na sarwisin wuta, wato ma'aikatar lantarki, ya zo ya juya akwatin. Aka tarar zazzaɓi ya kama shi, yana lulluɓe da bargo tsakar rana. Matarsa ta ce tun da ya ji labarin butar jikinsa ya ƙi daɗi.

Shi kuwa Ƙadri yana kaso tare da ɓarayin awaki biyu da wani da ya zagi mai unguwa. Bai san abin da ake ciki a gari ba. Yana zaune yana lissafin yadda zai gaya wa mutanen gidan su koma Kona, su koma su ci mi. Da hantsi sai ga Bube, an bar shi ya leƙo ta ƙarfen ƙofa. Ya miƙo ɗan kofin shayi, yana ƙamshin gawayi.

"A tukunya nake dafa masa yanzu," in ji shi. "Gabansa. Yana kallo."

"Yana sha?"

"Yana sha yana zagi." Bube ya jingina da ƙarfen ƙofar. Ya ɗaga hannunsa na dama ya dunƙule ya buɗe, ya dunƙule ya buɗe, yana kallonsa. "Ni dai ban ce maka komai ba."

"Ba ka ce ba, Baffa."

"To." Ya karɓi kofinsa ya tafi.

Abin da ya matse Kaftin shi ne baƙi. Manyansa na zuwa daga Maraɗi su ga yadda ake rabon tsaba, za a tara jama'a a yi jawabi. Ga kakinsa a wajen A'isha a cukurkuɗe, ta ce gawayin guga sai an nemo, kuma na gawayi yana barin toka a farin ɗamara. Ga Mutari ya rantse shi bai isa ya kunna lasifikar da ba kore a gaban manyan da suka kawo odar ba. Kaftin yana iya tilasta su, ba wanda ya ce ba ya iyawa. Amma in babba ya tsaya zai kama abin magana, ya duba bai ga ɗigo ba, ya ce ina mai dubawa, sai a ce yana kaso. Ya ce da wane laifi? Nan ne Kaftin ya rasa abin da zai faɗi wanda zai yi daɗin ji.

Ana gobe baƙi za su zo ya sa aka fito da Ƙadri. Aka kawo shi biron da rigar da aka kama shi da ita, tana warin kaso. A bakin ƙofa gardi ya ce ya tuɓe takalmi. Kaftin daga ciki ya ce, "Bar shi."

Akwatin yana nan inda ya bar shi. Ba wanda ya taɓa, har Bube zagaye shi yake da tsintsiya.

Kaftin ya daɗe yana kallonsa. "Uwarka ce mai yawon gaisuwa?"

"Ban sani ba, mon kapiten. Ina kaso."

"An ce mini tsohuwa ce, ba ta gani sosai."

"Tana zura zare a allura, mon kapiten."

Wani abu ya motsa a gefen bakin Kaftin, ya danne shi. "Ka san ina iya sa a kai ka inda ko fitilar ƙwai babu, ka yi ta gwada rairayi?"

"Na sani."

"Amma ka yanke."

Kaftin ya dubi akwatin da ke ƙasa.

"Ɗauki kayanka. Lasifika, da dutsen gugar matar nan, da injin buhu, ina son su kafin la'asar. Aikinka na nan, ban rubuta wa kowa komai ba." Ya nuna fankar da ke kan tebur, wadda ita ma tun ranar ba ta juya ba, don Bube ya ce ba kore. "Fara da wannan. Zafi zai kashe ni."

Ƙadri ya durƙusa. Ya bi wayar da yatsa tun daga kai har gindi, bai yi sauri ba don mai ita na tsaye a kansa. Ya lanƙwasa, ya shinshina. Ya maƙala bakin kada, ya juya hannu. Su uku suka zuba wa allura ido, har da Bube da bai san abin da take nufi ba. Ta tashi. Ta tsaya cak. Ƙadri ya buɗe gwangwani ya ɗiga kore a gindin fankar, ya hura don ya bushe.

Kaftin ya ce, "Da ta faɗi fa?"

"Da na yanke, mon kapiten."

"Fita mini daga biro."

Bai je gida ba sai da ya gama. Lasifikar Mutari ta sami kore. Injin buhu ya samu. Dutsen gugar A'isha kuwa ya faɗi, ya datse shi a gabanta, ta riƙe baki tana salati, aka aro na wani biro da ya riga ya duba aka goge kakin Kaftin da shi. Duk inda ya bi da akwatinsa, mutane na miƙo masa kayansu da kansu, har da waɗanda ke bayan kabad. Wani akawu ma ya kawo masa agogon hannu, wai a ɗiga masa shi ma.

Da ya shiga gida rana ta yi sanyi, an ɗora tukunya. Yara suka rufe shi. Cindo tana zaune tana tsince dawa a faifai, ba ta ko tashi ba.

"Sun sako ka?"

"Sun sako ni, Inna."

"Aikin fa?"

"Yana nan."

Ta ci gaba da tsinta, amma faifan ya ɗan karkace har tsaba ta zube, ita da ba ta barin ƙwaya ta faɗi. Ta sunkuya tana tattarawa, ta daɗe a sunkuye fiye da yadda tsabar ke bukata. Da ta ɗago ta ce wa matar wan, "Ke, ɗebo masa ruwa rabin bokiti ya yi wanka. A'a, cika shi. Yau dai a cika masa." Sannan ta juya wajen gwaggo, da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji ta kan danga, ta ce, "Ɗan nan ba ya jin magana. Tun yana ƙarami haka yake. Ni na haife shi."